Hagu a Kwando, Dama a Tarko

Wani ne a cikinmu, mu 'yan keken Wagadugu. Ba sai an kama suna ba. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Drabo mai gyaran keke ya san shi.

A garin nan hawa keke ba abin burgewa ba ne. Kakarka ma tana hawa, da buhun kabeji a baya da jika a goye, kuma za ta wuce ka a hanyar madatsar ruwa ko kallonka ba ta yi ba. To saurayin da yake son a san da zamansa dole ya nemo wa kansa wahalar da babu mai irinta. Mu kuwa muka nemo. Muka samo keken da ba ya hutu. In taya na juyawa feda na juyawa, in feda na juyawa ƙafarka na juyawa, ko kana so ko ba ka so. Babu zancen ka saki ƙafa a gangara ka sha iska kamar mutanen kirki. Da muka ga wahalar ba ta ishe mu ba, sai muka kwance birki muka jefar, wai yana ɓata wa keke fasali. In za ka tsaya, da ƙarfin cinya za ka danne fedar har ta haƙura. Mu ke nan, masu hankalin gari.

Keke irin wannan dole ƙafa ta manne da feda. In ba haka ba, ranar da ta zame, fedar za ta zagayo ta gaisa da ƙwaurinka. A kan yadda za a manne ƙafar ne muka rabu gida biyu.

Akwai 'yan kwando. Su ɗan kwandon ƙarfe ne a gaban feda, ka zura kan takalminka ciki, ka ja maɗaurin fata ka tsuke. In za ka fita, ka sunkuya ka sassauta maɗauri, ka ja ƙafa baya. Jagoransu Sibiri ne, wani tela a unguwar Dapoya. Akwai kuma 'yan tarko. Su takalmi ne na musamman mai ɗan ƙarfe a ƙasa, kana taka feda ka ji ƙwas, ta cafke. In za ka fita, ka murɗa diddige waje. Jagoransu shi ne Drabo da kansa. Drabo ɗan ƙabilar Samo ne, abokan wasanmu mu Mosawa, don haka duk wanda ya shigo rumfarsa bawansa ne, ko da furfura har gira.

Shi mutumin namu ba ya nan ba ya can. Da feda tsirara yake yawo, ƙwaurinsa duk tabo. Ba taurin kai ba ne. Cutarsa ɗaya ce: duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ke da gaskiya. Ko wajen mai abinci ya je ta ce wake ko shinkafa, sai ya yi tsuru-tsuru ya ce ta haɗa.

Ran nan an dawo zagayen Lahadi, ana zaune a rumfa ana cin wake da mai, sai ya ɗage wando ya nuna sabon ciwo.

Sibiri ya ce, "Kai dai ba ka son ƙafar nan taka. Sa kwando ka huta. Kowane takalmi yana shiga. Ka je biki, ka je ta'aziyya, ka sauka ka yi tafiya irin ta 'yan Adam."

Ya ce, "Wallahi gaskiyarka."

Drabo ya ajiye sifana. "Bawana, tela za ka saurara a zancen ƙarfe? Kana gudu a tsakiyar babura, sai ka sunkuya kana laluben maɗauri, feda na juyawa kamar injin niƙa? Yatsu nawa gare ka da za ka yi kyauta da su? Tarko kuwa murɗa ɗaya, kana ƙasa."

"Kai, wannan ma gaskiya ce."

Sibiri ya ce, "Kana ƙasa kam. Tambaye shi ina haƙorinsa na gaba ya tafi."

Drabo ya ce, "Wannan ai jaki ne ya shigo mini."

"Jakin yana tsaye yana cin ciyawarsa, kai ka je ka same shi. Kuma ka taɓa ganin tafiyarsu in sun sauka? Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ka ce akuya a kan rufin kwano."

Mutumin namu ya kalli wannan, ya kalli wancan. Ya ce, "Duk kun fi ni gaskiya."

Haka ya yi ta yi, da safe ɗan kwando, da yamma ɗan tarko. Da an bar shi, da har ya tsufa bai zaɓa ba. Sai dai akwai abin da ya matso shi. Akwai Zalisa.

Zalisa kayan lambu take sayarwa a bakin madatsar ruwa, inda muke bi. Ita ce ta taɓa ba shi tsumma ya ɗaure ƙwauri, tun daga ranar bai sake mallakar hankalinsa ba. Yana son ta, so na gaske, irin wanda yake sa mutum ya sayi latas alhali ba ya ci. Magana ta yi nisa, har an sa ranar Asabar zai je can garin Saba ya gaida mahaifinta, Baba Rasmane.

Baba Rasmane kuwa ba a shiga masa da wasa. Babbar 'yarsa ya taɓa aurar wa wani kyakkyawan yaro mai ladabi. Yaron ya ce zai leƙa gonakin koko a ƙasar Kodebuwa ya dawo kafin damina. Daminar ta zo ta wuce, wasu suka biyo bayanta, har yau ko gaisuwa bai aiko ba. Tun daga nan tsohon ya daina yarda da samari. Masu neman Zalisa da yawa sun kai goro sun dawo da abinsu.

Zalisa ta zaunar da shi ta ce, "Ka saurare ni da kyau. Kafin gidanmu akwai famfo. A nan za ka sauka, ka turo keke da hannu. In ka iso gindin tsamiya ka tuɓe takalmi, ka durƙusa har gwiwar hannu ta taɓa ƙasa. Kada ka ce uffan sai ka sha ruwan baƙo. Babana ba ya faɗa. Murmushi kawai zai yi ya mayar da goro. Ni kuma ba zan bi mijin da babana ya mayar wa goro ba."

Ya ce, "Sauka daga keke ne abin wuya? Haba, Zalisa."

"Kuma kada ka zo mana da ƙafa tana jini."

Wannan magana ce ta kai shi rumfar Drabo da sassafe. Ya tarar da su biyun suna shan shayi. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Na yanke shawara."

Suka ajiye kofi.

"Hagu kwando, dama tarko."

Drabo ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, "Tun da nake taɓa ƙarfe ban taɓa jin irin wannan ba. Sai Bamoshe. Wallahi sai Bamoshe."

Sibiri ya ce, "Kada ka haɗa da ni, ni ma yau na fara ji."

Amma can sai idon Sibiri ya yi haske. Ya ce, "Tsaya tukuna. Mutum ɗaya, keke ɗaya, hanya ɗaya. Ƙafar da ta fara zamewa, mai ita ya faɗi. Gardama ta ƙare."

Drabo ya miƙa masa hannu suka tafa. Babu wanda ya tambayi mai ƙafafun.

Nan da nan aka ɗaura. Drabo ya ara masa takalmin tarko ƙafa ɗaya, ruwan ɗorawa shar, ana hango shi daga nesa. A hagu kuma ya sa baƙin sau-cikinsa na zuwa biki. Suka koya masa karatun: dama murɗa, hagu ja. Ya dafa ginshiƙin rumfa ya gwada. Ya murɗa dama, ta fita. Ya sassauta maɗauri ya ja hagu, ta fita. Ya yi dariya ya ce, "Ashe ma abin ba komai."

Ya hau titi yana rerawa. Dama murɗa, hagu ja. Dama murɗa, hagu ja. Keke na tafiya sumul, ƙafa ba ta zamewa, daɗi ya cika shi har yana yi wa mutanen da bai sani ba sannu.

Sai ga danja ta nuna ja.

Kun san danjar garin nan. Babura da kekuna cunkus, kafaɗa da kafaɗa. Ya danne feda, keke ya rage gudu. Tsayawa ba ta da wuya. Abin da ke bayan tsayawar shi ne magana. Karatu ya rikice masa. Ya murɗa hagu, kwando ya ce ban san wannan ba. Ya ja dama, tarko ya ƙara cizo. Keke ya fara karkata. Ya miƙa hannu ya cafki abin da ya fi kusa. Ashe kafaɗar wata mata ce, ƙatuwa, a kan babur, da kwandon kaji a baya.

Ta juyo. "Kai! Lafiya?"

"Mama, ki yi haƙuri. Aron kafaɗa nake, har ta nuna kore."

"Aron kafaɗa? Mijina ma sai ya yi sallama kafin ya taɓa nan. Ƙafarka fa?"

"Suna ɗaure."

Ta leƙa ƙasa. Ta ga ɗaya baƙa, ɗaya ruwan ɗorawa. Ta ce, "Wa ya ɗaure ka?"

"Abokaina."

"Allah ya raba mu da irin abokanka."

Danja ta nuna kore. Matar ta murza babur. Shi kuwa tsoro bai bar shi ya saki ba. Babur ya ja shi, taya ta ɗauki gudu, ƙafafunsa suka kama juyawa kamar fanka, gwiwa na neman dukan haɓa. Kaji na ihu, matar na ihu.

"Sake ni, ɗan nema!"

"In na sake zan faɗi, Mama!"

"To ni Pisi za ni!"

"Allah ya kai mu lafiya!"

A Pisi ya rabu da ita, unguwar da ba shi da kowa. Ya samu sandar fitilar titi ya rungume. Yana rungume da ita yana haki sai dabara ta zo masa. Ya sunkuya da hannu ɗaya ya kwance igiyar takalmin dama, ya zare ƙafa. Ya yi haka da hagu. Ya sauko ƙasa da safa, takalma suna can manne da keke. Murna ta kama shi. Ya ce a ransa, ashe ba sai takalmi ya fita daga feda ba, mutum ne zai fita daga takalmi. In dai akwai abin dafawa, magana ta ƙare. Kuma ai dama Zalisa ta ce a tuɓe takalmi.

Da ya koma rumfa suka tare shi. "Wacce ta zame?"

Ya kalli Sibiri, ya ga ba zai iya ɓata masa rai ba. Ya kalli Drabo, ya ga shi ma haka. Sai ya ce, "Duk sun ɗan yi motsi."

Wannan ƙaryar ita ta kashe shi, don kowannensu ya ƙudura a ransa tasa ba za ta sake motsi ba.

Ranar Asabar aka haɗu a rumfa. Baffansa Kuka, wanda zai yi magana a madadinsa, ya zo a kan tsohon babur, da ƙunshin goro a gaba da jan zakara a rataye. Babu wurin goyo, don haka kowa ya hau abinsa. Ango ya sha babbar rigar saƙi da Sibiri ya ɗinka masa, mai faɗi har tana shara ƙasa. Ya hau keke ya dafa ginshiƙi.

Drabo ya tsuguna ta dama. "Bari in duba maka, bawana." Ya sa ɗan makulli ya ɗaure tarkon har ƙarshen maƙura. Igiyar takalmin kuma ya yi mata ɗaurin buhun gawayi. Sibiri ya tsuguna ta hagu. "Bari in gyara maka maɗauri." Ya ja fata har yatsun ƙafa suka daina gaisawa da juna. Da ya ga Drabo ba ya kallo, ya zaro allura daga hula ya yi wa bakin maɗaurin ɗinki. Tela ne, ba a raba shi da allura.

Mutumin ya ce, "Kamar ya ɗan matse."

Suka haɗa baki, "Haka ake so."

Aka kama hanyar Saba. Allah ya taimake shi duk danjar da suka tarar kore ce. Kwalta ta ƙare, aka shiga jar ƙasa. Can sai ga famfo, mata na ɗiban ruwa.

Baffa Kuka ya tsayar da babur. "To, sauka a nan."

"To, Baffa."

Ya murɗa dama. Shiru. Ya sunkuya ya laluba maɗauri, ya ji zare. Ya nemi abin dafawa, famfo ya riga ya wuce.

"Na ce ka sauka!"

"Ina kan sauka, Baffa!"

Gabansa fili ne fetal, an share shi tas saboda baƙi. Babu sanda, babu katanga kusa, babu ko turmi. Itace ɗaya ne, tsamiyar nan, ita kuma dattawa sun kewaye gindinta a kan benci da tabarmi. A tsakiyarsu ga Baba Rasmane, siriri, da farin gemu, da sanda a kan cinya. In ya tsaya zai faɗi a gaban surukai. In ya wuce, ya wuce Zalisa ke nan har abada. Sai ya yi abin da ya saba, ya ƙi zaɓa. Ya karya kan keke ya fara zagaya tsamiya.

Dattawa suka bi shi da ido. Ya ɓace ta bayan itace, ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya sake ɓacewa, ya sake ɓullowa.

Baffa Kuka ya iso da gudu, zakara a hammata. Ya zube ya kwashi gaisuwa, gumi na tsiyaya. Ya ce, "Ku gafarce shi, iyayena. Kunya ce. Tun yana ƙarami in ya ga manya ba ya iya tsayawa wuri ɗaya."

Baba Rasmane ya gyara zama. Shi mutum ne da ko gobara ake yi sai ya gama gaisuwa. Ya jira har keke ya zagayo, ya ce, "Sannu da zuwa, yaro."

Mutumin ya tuna an ce kada ya yi magana kafin ruwa. Ya sunkuyar da kai kawai, ya wuce.

Wani dattijo ya ce, "Yana da tarbiyya. A kawo ruwa."

Gwaggon Zalisa ta fito da ƙwarya cike da zom-kom, farin ruwan gero mai sanyi da muke tarar baƙo da shi. Ta zo ta durƙusa, ta kurɓa, ta miƙa. Baƙo ya wuce fuu. Ta juya ta miƙa ta ɗaya gefen. Ya sake wucewa.

Ta ce, "Ikon Allah. Ni da na haifi kamarsa ina ƙasa, shi yana sama yana shawagi?"

Baffa Kuka ya bi shi da ƙaramin gudu, yana magana ta cikin haƙora. "Karɓi ruwan nan, don ubanka."

Da ya zagayo ya saki hannu ɗaya ya fizge ƙwaryar, yadda 'yan tsere ke fizgar gora a bakin hanya. Ya kafa kai. Rabi ya shiga ciki, rabi ya bi gaban riga. Ya zagayo ya kifa wa Baffa ƙwaryar a hannu, a kan zakara.

Baba Rasmane ya ce, "Ya sha ruwa. Yanzu a gaisa. Kun zo lafiya, yaro?"

"Lafiya lau, Ba..." Itace ya raba su.

Tsohon ya jira. "Ya mutanen gida?"

"Suna gaishe..."

Ya jira. "Ya aiki?"

"Da godi..."

Gaisuwarmu kuwa kun san ba ta da gajeriyar hanya. Sai an tambayi uwa, an tambayi uba, an tambayi gajiya, an tambayi zafin rana. Kuma ba Baba Rasmane kaɗai ba, kowane dattijo yana da haƙƙinsa. Wani tsoho a ƙarshen benci ya riƙe kai ya ce a gaya wa yaron ya riƙa zagayawa ta ɗaya hannun, jiri yake ji.

Sibiri da Drabo suna gefe, sun kwantar da kekunansu a ƙasa. Kada ku ce tausayi ya kama su. Sibiri ya zunguri Drabo. "Ka ga hagu? Ko gezau."

"Ka ga dama? Kamar a nan aka haife ta."

Sai ga kan Zalisa ya ɓullo ta saman katangar gida, can nesa. Idonta ya yi ja. Ba ta damu da kunyar iyaye ba, ta ɗaga murya. "Ka sauka mana!"

"Ba na iyawa!"

Drabo ya yi ihu, "Murɗa!"

Sibiri ya yi ihu, "Ja!"

Ya murɗa, ya ja, ya ja, ya murɗa. Babu abin da ya motsa sai ƙugunsa, har wata tsohuwa ta fara yi masa tafi tana cewa ashe da rawa ya zo.

Baba Rasmane ya dubi Baffa Kuka. "To, me ke tafe da ku?"

Baffa ya gyara durƙuso, ya share gumi da gefen zakara. Ya ce, "Iyayena, mun ga abin alheri a gidan nan, muka ce ba za mu yi shiru ba. Ɗanmu ne yake so a ba shi wurin zama a inuwarku."

"Wurin zama?"

"E, wurin zama."

"Wanne ne ɗan naku?"

"Ga shi nan." Ya nuna, babu kowa. "Wato, ga shi can. Yanzu zai zo."

Drabo, da yake ɗan Samo ne babu mai hana shi magana, ya sa baki. "Bayina, ku ba shi kawai. Ina kuka taɓa samun surukin da ya gaishe ku ta gabas ya gaishe ku ta yamma?"

Babu wanda ya yi dariya, don kowa ya ga abin da ke faruwa. Baba Rasmane ya fara murmushi. Ya sa bakin sandarsa a jikin ƙunshin goro, ya fara tura shi a hankali wajen Baffa Kuka.

Mutumin ya hango. Ya ga Zalisa ta sauke kai daga katanga. Baƙin ciki ya kama shi. Ya miƙe tsaye a kan feda zai yi kukan kura ya fizge ƙafa ko da za ta tsinke. Miƙewar nan ce ta saki gefen babbar riga. Riga ta sauka, sarƙa ta kama.

To keken da ba ya hutu in ya kama abu ba ya saki. Feda ta juya, riga ta naɗe, wuyansa ya sunkuya. Ta sake juyawa, ya ƙara rusunawa. Ta sake, goshinsa ya taɓa kan keke.

Dattijon nan ya ce, "Ai na faɗa muku yana da tarbiyya. Ga shi ya fara."

Riga ta ƙare, taya ta tsaya cik. Keke ya yi ɗan tunani, sannan ya kwanta, rigijib, daidai gaban Baba Rasmane. Mutum a ƙasa, gwiwar hannu a ƙasa, goshi a ƙasa, keke a kan bayansa, tayar gaba tana ta juyawa ita kaɗai. Zakara ya kuɓuce ya haye tsamiya.

Sibiri da Drabo suka rugo. Ba kansa suka duba ba, ƙafa suka duba.

"Tawa tana ciki!"

"Tawa ma tana ciki!"

Drabo ya yi tsaki ya zaro sifana daga aljihu zai kwance feda. Baba Rasmane ya ɗaga sanda. "Dakata, ɗan Samo. Kada ka taɓa."

Ya sunkuyo ya daɗe yana kallon ƙafafun nan, baƙa da ruwan ɗorawa. Ya sa sanda ya zunguri ta dama. Ya zunguri ta hagu.

"Yaro."

Murya ta fito daga ƙarƙashin keke. "Na'am, Baba."

"Wa ya ɗaure ka haka?"

"Ni na ce a ɗaure ni, Baba."

"Da bakinka?"

"Da bakina."

"Kuma ka kasa fita?"

"Wallahi tun daga famfo nake ƙoƙari."

"Ko da ka ga abin ya ɓaci?"

"Ko da na ga ya ɓaci, Baba."

"Ko ana yi maka ihu ta dama, ana yi maka ta hagu?"

"Ko motsi ba ta yi."

Tsohon ya koma ya jingina da tsamiya. Murmushin nan ya ɓace. Ya dubi 'yan'uwansa ya ce, "Kun tuna wancan na Kodebuwa? Tun daga famfo ya sauka. Ban taɓa ganin yaron da ya iya zare ƙafa kamarsa ba."

Dattawa suka gyaɗa kai. Ya sa sanda ya jawo ƙunshin goro ya dawo da shi gabansa.

Baffa Kuka ya ce, "Wato, an karɓa?"

"An karɓa."

Drabo ya ce, "To in kwance shi?"

Baba Rasmane ya ce, "Kwance keken, ka bar masa fedar a ƙafa. Kuma a ɗaura auren nan da wuri, kafin wani ɗan banza ya koya masa yadda ake fita."